Lambun da Ya Tara Mana 'Yan Ta'aziyya

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka. Sunayen yaran da na koyar sun tafi, wani lokacin ma sai in tsaya a tsakar gida ina faɗan an ɗauke mini hula, alhali tana kaina. Amma ranar da na yi lambuna na farko a gidanmu na Haɗejiya, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Ko da na so in manta ma ba za a bar ni ba, domin har gobe akwai tsofaffi a unguwarmu da in na yi musu sallama sai sun gama murmushinsu kafin su amsa.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama abin ya faru. Ina ɗan shekara ashirin da ɗaya, fitowata ke nan daga kwalejin horon malamai, an ba ni aji a wata firamare a cikin gari. Da ka gan ni a lokacin, biro biyu a aljihun gaba, ga sabon keke ana goge shi safe da yamma, sai ka rantse ni na ƙago karatun boko. Babu abin da ban sani ba. A yi maganar hadari, ina da bayani. A yi ta ciwon ciki, ina da bayani. Mutanen gidanmu sun gaji da ni, amma da yake ni ne na farko da ya yi nisa a makaranta, sai su yi shiru su bar ni in ƙare.

Kakana na wajen uba ya rasu a tsakiyar daminar shekarar. Asalinmu Fulani ne, amma shanun sun ƙare tun kafin a haife ni, shi kuwa sai ya rungumi bakin kogi ya zama ɗan lambu. Da zarar ruwa ya janye daga fadama zai kafa jigonsa, dogon itacen nan mai guga a baki da ake ɗebo ruwan kogi da shi, ya shiga noman albasa da tattasai da tumatir har zafi ya shigo. Kakata, wadda duk gidan muke kira Dada, ita ke kai masa fura da hantsi, kuma ba ta dawowa sai la'asar. Fiye da shekara arba'in suka yi a haka. Ita ke ajiye iri, ita ke dashe, ita kuma ke yin faɗan.

Faɗa kam Dada ta iya shi. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, amma in ta ɗaga murya a tsakar gida, masu zaman zaure gyara zama suke yi. Ni ne abokin wasanta, tunda jika namiji ai mijin kaka ne. In na shigo sai ta ce, "Ga mijin banza nan ya dawo hannu rabbana, ko ɓarin goro babu." In ce mata na sake ta, na samu wata mai haƙora. Sai ta ce, "Je ka. In ka samu wadda za ta ɗauki mai wuya irin na zalɓe, ni da kaina zan yi mata gara." Kullum haka muke, kuma ban taɓa cin nasara a kanta ba.

Ta yi takabarta ta gama bayan ƙaramar salla. Muka sa ido mu ga ta fito, ba ta fito ba. Tana kwance a ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Tuwo yadda ya shiga haka yake fitowa, kunu kuwa in ta sha ludayi biyu sai ta ture. Awarwaron hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da na leƙa na ce, "Amarya, tunda tsohon ya ba ni wuri, yaushe za ki tare?" Na tsaya ina jiran zagi. Sai ta ce a hankali, "Allah ya yi maka albarka." A bakin kowa wannan addu'a ce mai daɗi, amma a bakin Dada tsoro ta ba ni, har na kasa cin abincin rana.

Duk gidan muka koma tafiya da sanɗa. Magana sai da raɗa. Innata ta kwashe daka ta mayar gidan maƙwabta don kada ƙarar taɓarya ta dame ta. Ko tsintsiya Dada ta kalla sai wani ya riga ta ɗauka. Babana kuwa ɗan farinta ne, kuma kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin sun haɗa ido ba. Zai tsaya a bakin ƙofarta ya yi gyaran murya ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, ya juya. Ba shi da bakin da zai ce mata ta ci abinci. Wata safiya, yana shirin tafiya Kirikasamma saro bandar kifi, domin sana'arsa ke nan, ya kira ni zaure. Ya ce, "Kai ne mijinta, kai kaɗai ke da bakin yi mata magana. In ta ci gaba a haka, ba na jin za ta ga babbar salla."

Na ce ya bar komai a hannuna. Irin maganar da na saba yi ke nan a lokacin.

Dabarar da ta zo mini ba ta da laifi, wannan har yau ina kare kaina a kai. Na ce mace ce da ta yi rayuwarta a cikin ganye, yanzu kuma ba ta da ƙarfin zuwa fadama, to a kawo mata fadamar ƙofar ɗaki. In ta buɗe ido ta ga kore, wataƙila ranta ya dawo. Laifin yana wajen wanda zai yi aikin. Jikan ɗan lambu ne ni, amma tun ina ƙarami aka kai ni makarantar kwana, duk sanin da na yi wa lambu a littafi ne. A kwaleji an koya mana aikin gona da wani littafi mai hotuna, na kuma ci jarrabawarsa da kyau. Shi na ɗauko na kaɗe.

Ranar Lahadi ce, ba makaranta. Innata ta kwashi ƙannena tun da sassafe sun tafi bikin suna a wata unguwa, gida ya rage daga ni sai Dada. Na jawo mata ƙyaure na saƙale shi ta waje, don kada ƙurar haƙa ta shigar mata, don kuma in ba ta mamaki in na gama. Na buɗe littafi na ɗora dutse a kai. Littafi ya ce a tara ƙasa ta yi tudu don kada ruwa ya kwanta a saiwa. Na tara. Ya ce tsawo ƙafa shida, faɗi ƙafa uku. Na ja kirtani na auna da rula. Ya ce a miƙe shi daga kudu zuwa arewa don rana ta samu kowane gefe. Na miƙe shi. Na bi da bayan shebur na lailaye shi sumul, na ɗebo ruwan rijiya tulu uku na yayyafa. Da na tuna da awaki da kaji, sai na saro ƙayar magarya na lulluɓe shi da ita. Daga ƙarshe na samu ɗan katako na rubuta ALBASA da manyan baƙaƙe, na kafa a wajen kai.

Na ja da baya na riƙe ƙugu ina kallon aikina. Wallahi ban ga komai ba sai hoton da ke shafi na ashirin da wani abu. Wanda ya rubuta littafin a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa yake zaune, bai taɓa jin sunan Haɗejiya ba, kuma ba shi da alhakin komai.

Na hau keke na tafi fadama neman irin dashe. Maƙwabtan kakana na lambu suka karɓe ni hannu biyu. Aka fasa mini kankana, aka yi ta ba ni labarinsa, wani yana dariya wani yana share ido. Ko'ina na duba fangali ne jere, 'yan ramukan nan masu kusurwa huɗu da ake yi wa ɗan baki kewaye don ruwa ya zauna a ciki. Na tsallake sun fi ɗari, idona bai gaya mini komai ba. Wani dattijo da ya tumɓuko mini irin albasa ya naɗe a ɗanyen ganye ya tambaye ni, "Malam, ka dai yi fangalin ko?" Na ce na yi na zamani. Ya dube ni, ya dubi biron aljihuna, ya ce to Allah ya ba da sa'a.

Wajen azahar na shawo kwanar gidanmu, sai na hango tabarmi a ƙofar gida, maza zaune jugum. Kafin in sauka wani ya riƙe mini keke ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Allah ya jiƙanta." Na diro daga keken. Limamin unguwa yana tsaye, ransa a ɓace, yana cewa, "Amma ɗan nan, wa ya yi mata wanka? Wa ya sallace ta? Muna raye a unguwar nan a yi haka ba a sanar da mu ba?" Ban fahimci abin da yake nufi ba, ban ma tsaya in fahimta ba. Abu ɗaya ne ya cika mini kai: na kulle Dada a ɗaki na tafi shan kankana, ta mutu ita kaɗai, ba ko mai ba ta ruwa. Irin zafin da na ji a ƙirjina a wannan lokaci ban sake jin irinsa ba sai bayan shekaru masu yawa. Na kutsa cikin gida ina kuka kamar ƙaramin yaro, irin albasa yana hannuna.

Tsakar gida cike take da mata. Sun kewaye lambuna sun zauna, wasu na salati, wasu na kuka. A tsakiyarsu ga aminiyar Dada, wata tsohuwa da ke bayan gidanmu, tana maimaita labari ga waɗanda suka shigo daga baya. "Na shigo duba ta, na yi sallama shiru. Na ga ɗaki a saƙale ta waje. Ina waiwayawa sai ga ɗanyar ƙasa an yayyafa mata ruwa, ga ƙaya an sa, ga sunanta an rubuta. A tsakar gida suka sa ta, ko a gaya mana!"

A nan ne na kalli tudun da idon mutane. Tsawon mutum, faɗin mutum, kudu da arewa, ga ƙaya, ga alama a wajen kai. Hawayen da ke zubo mini suka tsaya a rabin kunci. Na ɗaga hannu na ce, "Ku tsaya! Albasa ce!" Wata ta dube ni cikin tausayi ta ce, "Wayyo, yaron ya zautu. Da ma sun shaƙu." Na nuna musu katakon na ce su karanta, alhali na san babu mai karatun boko a cikinsu. Aka riƙe ni aka zaunar, wata tana yi mini fifita da gefen mayafi.

Suka ci gaba da abin da suka zo yi. Wata ta ce Allah sarki, baki ne da ita kamar attarugu, amma ba ta kwana da mutum a rai. Aminiyar tata ta share hanci ta ce, "Ta bi mijinta, hakan ya fi mata. Da ma me ya rage mata a duniya? Ta gama aikinta." Kowa ya gyaɗa kai.

Sai muka ji ƙwam, ƙwam, ƙwam a jikin ƙyaure, daga ciki. Tsakar gida ta yi tsit. Aka sake bugawa, sannan wata 'yar murya ta ce, "In kun gama, wani ya zo ya buɗe ni."

Ban taɓa ganin gida ya watse da sauri irin na ranar ba. Takalma da mayafai kawai aka bar mana. Wata mai jiki, wadda kullum take kukan ciwon gwiwa, ta haye katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta ba tare da ta taka komai ba. Sauran suka yi zaure a guje suka yi awon gaba da butar liman, maza ma da suka ga haka ba su tsaya tambaya ba.

Na buɗe ƙyauren. Ga Dada tsaye, ta dafa bango da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, tana ƙifta ido saboda hasken da ta daɗe ba ta gani ba. Ba ta kalle ni ba. Ta tako a hankali ta kewaye tudun sau ɗaya, ta tsaya a wajen katakon.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Dada. Lambu ne. Albasa zan dasa miki."

"Lambu," in ji ta. Ta caka sandarta a tsakiyar tudun ta zaro, ta duba bakin sandar, a bushe. "Ina ruwan da ka zuba?"

Na nuna mata. Duk ya gangare ta gefe ya tafi ya kwanta a gindin katanga.

Ta kalli ruwan. Sannan ta juyo ta dube ni tun daga hula har takalmi, irin kallon da na yi wata biyar ina kewa. Ta ce, "Binne ni da ka yi na yafe. Maza da yawa sun so su yi wa matansu haka ba su samu dama ba. Abin da ba zan yafe ba, a ce jikan mutumin nan, a garin nan, da rani, ya tara ƙasa sama ya zuba mata ruwa ya ce ya yi lambu. Albasar za ta sauko ta sha ne ta koma?"

Ina shirin kawo maganar littafi sai na ga kafaɗunta suna motsi. Dariya ce ta kama ta, ta taho da tari, ta zauna a kan turmin da ke kife tana yi tana riƙe ciki har da hawaye. Aminiyar tata, wadda tsufa bai bar ta ta yi nisa ba, ta leƙo daga zaure, ta matso da sanɗa ta taɓa mata hannu don ta tabbatar. Dada ta ce, "Taɓa da kyau. Na ji ku sarai. Wato ni ce attarugu." Tsohuwar ta rungume ta tana kuka tana cewa ba ita ta faɗa ba.

Dada ta ce in miƙo mata fartanya. Na ce ta bari ni zan yi, ta ce ai ta ga wanda na yi. Ta miƙe, ta ɗaga fartanyar ta kai wa tudun sara ɗaya, fartanya ta ja ta suka tafi tare. Da ban tare ta ba da ta kife a kan ƙaya. Da na riƙe ta na ji ba nauyi ko kaɗan, gabana ya sake faɗuwa. Ita kuwa haushi ta ji. Ta ɗaga hannunta tana juya shi tana kallo, ta ce, "Wannan hannun nawa ne?" Ta yi tsaki ta koma kan turmi. Can ta ce, "Akwai kunu a gidan nan, ko shi ma kun binne shi?"

Aminiyar ta fita da saurin da ban san tana da shi ba, ta dawo da ƙwaryar kunun tsamiya da ƙosai. Dada ta ajiye ludayin gefe ta kafa kai. Ina tsugune a gabanta ina kallon maƙogwaronta yana hawa yana sauka har ta ga gindin ƙwarya. Ta ci ƙosai huɗu. Wannan karon kukan da na yi na daɗi ne, kuma ban ɓoye ba. Ta ce in rufe mata baki, ba ta son miji mai kuka.

Muna cikin haka babana ya faɗo gidan. Saukarsa ke nan daga motar kifi wani ya tare shi a tasha da ta'aziyya. Mutum mai shekara hamsin, wanda ko ruwan sama bai taɓa sa shi gudu ba, ga shi ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Tudun ya fara gani. Ya tsaya cak. Sannan ya ga uwarsa zaune a kan turmi tana lasar yatsa. Ya sulale ya tsuguna a inda yake, ya rufe fuska da hannun riga, bayansa yana jijjiga. Dada ta kau da kai kamar yadda ta saba, ta dube ni ta ce, "Gaya wa wancan mutumin ya tashi, ba a yi wa mai rai kuka. Ka ce masa in da sauran ƙarfinsa ya karɓi fartanyar nan, tunda ɗansa bai gaji komai ba." Ta tura akushin ƙosan wajensa da bakin sanda, tana kallon wani gefe.

Da la'asar mu biyu muka rushe tudun, ni da babana, Dada na zaune tana ba da umarni. Muka baje ƙasar, muka nutsa wurin kaɗan, muka ja masa baki kewaye. Ta sa aka ɗebo tsohon taki daga turken awaki, wanda ya riga ya huce, aka cakuɗa. Na ɗauko rula zan auna tazara, ta ce in mayar da ita makaranta. Yatsa huɗu take sawa tsakanin kowace albasa da 'yar'uwarta, ta tsinke kan ganyen da farce kafin ta dasa. Kirtanina kuwa akuya aka ɗaure da shi. Da na juye tulun farko na ga ruwa ya bazu ya zauna a cikin fangali yana nutsewa a hankali, sai na ji kunya ta rufe ni, domin abin ko yaro ya kalla zai gane. Innata ta dawo daga suna a firgice, ta tarar da surukarta tana yi wa babana faɗa ta bakina.

Saura bayani a ƙofar gida, kuma ni aka tura. Liman ya saurare ni har ƙarshe yana shafa gemu, yana danne abin da ke son fito masa. Ya ce, "Malam, mun gode Allah. Amma nan gaba in za ka yi noman zamani, ka riƙa sanar da unguwa tukuna."

Daga ranar Dada ba ta sake kwana biyu a jere a ɗaki ba. Kafin in tafi makaranta sai na cika mata tuluna, ita kuma ta bi fangali ɗaya bayan ɗaya da 'yar ƙwarya. Fangali ɗaya ya zama uku, uku ya zama bakwai, har Innata ta fara ƙorafin ba wurin shanya. Aka sa alayyafo da yakuwa, aka kafa wa tumatir kara, ta sa na dasa zogale a bakin rijiya. Aka dawo da daka gida, domin ta ce shirun ya ishe ta. Ta buɗe yaƙi da kajin maƙwabta, ta san kowace da mai ita, kuma in ta jefi kaza sai ta haɗa da saƙo zuwa ga uwar gidanta. Duk wanda ya yi faɗa da yunwa yake tashi, don haka tuwo ya daina dawowa.

Ranar da aka fara yankan alayyafo ta ɗaure shi dami-dami, ta lissafa matan da suka zo mata kuka ba ta manta ko ɗaya ba. Ta ce a kai wa kowacce, a ce mamaciya tana gaisuwa. Wadda ta haye katanga dami biyu ta samu, wai don ta ji daɗin ganin gwiwar ta warke. Suka zo godiya, suka ga kore ya cika tsakar gida, wannan ta roƙi iri, waccan ta tambayi yadda ake yi. Kafin zafi ya shigo gidaje da dama a layinmu sun yi 'yan fangalinsu a bakin rijiya, Dada na bi da sandarta tana duba musu tana kushewa. Wasu tsofaffi biyu da su ma mazansu suka rasu suka mayar da gindin zogalenmu wurin zaman hira. In na dawo daga makaranta tun daga zaure nake jin shewarsu, kuma na san rabin hirar a kaina ake yi. Ta ga babbar salla, ta ci naman layya da lawashin albasarta. Ta ga wasu guda tara bayanta, ta goyi 'ya'yana biyu.

Wata safiya muna ban ruwa na tambaye ta abin da ya tashe ta a ranar. Na ɗauka za ta ce haushina ne. Ta ci gaba da cire ciyawa, ta ce, "Ina kwance ina jin su. Da aka ce na gama aikina, ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka. Kowa a gidan nan haka yake nuna mini. In na miƙa hannu a riga ni, in na yi motsi a ce in huta. Sai na fito na ga abin da ka yi." Ta jefar da ciyawar ta kaɗe hannu. "Na ce ashe da saura. In na tafi yanzu, duk abin da muka sani ni da mutumin nan ya bi mu, a bar gida hannun mai biro."

Na daɗe ina juya maganar nan, kuma ita ce darasin da na ɗauka. Mun so Dada ƙwarai, amma son namu lallaɓawa ce da karɓe mata komai daga hannu, kuma da haka muka yi ta gaya mata cewa ba a bukatarta. Wanda baƙin ciki ya kwantar, tausayi kaɗai ba ya tashinsa. A samo masa wani abu mai rai da zai bushe in bai tashi ba, a kuma bar shi ya yi da hannunsa, ko da yana yi yana faɗa. Shi ya sa tun daga lokacin, in na ji wani dattijo ko wata tsohuwa ta shige ɗaki ta ƙi fitowa, ba na zuwa da dogon wa'azi. Ɗan irin tumatir nake sawa a gwangwani in tafi da shi, in zauna a bakin ƙofa in ce an ba ni wannan, ga shi yana neman mutuwa, ban san yadda ake yi da shi ba. Na yi haka sau da yawa a rayuwata, kuma har yau ban samu wanda ya iya daurewa bai juyo ya gaya mini ba.